Ƙattin karnuka masu sanyin hali: ina gaskiyar take, kuma me ya shafe mu a ƙauye?

Abu biyu ne suke ta yawo a wayoyin mutane kuma kowanne kamar yana ƙaryata ɗan'uwansa. Na farko bidiyoyin nan da ake turawa a WhatsApp da TikTok, za ka ga kare ya kai maraƙi, kai kamar turmi, yawu na dalala, ga jariri kwance a jikinsa yana ja masa kunne shi kuwa ko gezau, a ƙasa an rubuta wai manyan karnuka sun fi kowane kare haƙuri. Na biyu kuma labarin da aka ji a rediyo cewa Ingila ta sa doka a kan wani ƙaton kare da ake kira XL Bully saboda mutanen da ya hallaka. To sai mai sauraro ya rasa wanne zai kama, shin girman nan alamar haɗari ne ko alamar haƙuri.

Da a ce shekara ashirin baya ne sai mu ce zancen Turawa ne ba ruwanmu. Amma yanzu masu gonakin kaji da masu turken shanu a bayan gari, musamman waɗanda suke zaune a birni sun bar dukiyarsu hannun mai gadi, sun fara sayo irin karnukan nan daga Legas da Abuja da Jos saboda ɓarayi. A ƙauyenmu ma an yi haka bara. Wani Alhaji ya kawo wani jibgegen kare ruwan ƙasa mai baƙar fuska gonarsa da ke kan hanyar tuƙa-tuƙa, cikin sati guda yara masu ɗebo ruwa suka daina bin hanyar suka koma zagayawa ta bayan maƙabarta, har magana ta kai gaban mai unguwa. Aka kira mai gadin, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi karen nan ko kaza bai taɓa kora ba, ɗan autana a jikinsa yake barcin rana." Sai wani dattijo daga gefen tabarma ya ce, "Malam, naka ya sani. Namu fa?"

Mai gadin bai yi ƙarya ba, dattijon ma tambayarsa tana kan hanya. Kowa da ɓangaren da ya riƙe, shi ya sa sai an warware kalmomin tukuna.

Iri, hali, sabo da girma

Iri shi ne zuriyar da mutane suka daɗe suna zaɓa suna haɗawa har ta fito da kama ɗaya da aiki ɗaya. Makiyayi ba sai an yi masa dogon bayani ba, ya san Bunaji ya san Rahaji ya san Bokoloji, ya san jar saniyar nan mai dogon ƙaho ta fi saurin firgita da wuyar sarrafawa, Bokoloji kuwa ga jiki ga sanyi. Amma shi dai makiyayin zai gaya maka ko cikin Bokolojin akwai mai tunkuyi. Haka karnuka suke.

Hali kuma na kare guda ne, wato abin da shi wannan karen yake yi in ya ga baƙo, ko aka kusanci abincinsa, ko ya tsorata. Sabo shi ne abin da ya tashi yana gani. Likitocin dabbobi sun ce daga sati 3 da haihuwa zuwa wajen sati 12 ko 14 kwikwiyo yake koyon abin da zai ɗauka nasa da abin da zai ɗauka abin tsoro, in a lokacin ya ga yara da awaki da babur da mutum mai rawani da mace mai hijabi to ya saba, in kuwa a keji ya yi kwanakin nan ba ya ganin kowa sai mai ba shi abinci, gyaransa daga baya sai an sha wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai girma, kuma a nan aka fi ruɗewa. Girma ba ya gaya maka ko kare zai yi cizo, abin da yake gaya maka shi ne in ya yi me za a tarar. Karen gida irin namu bai fi kilo 15 zuwa 20 ba. Namijin ƙaton irin da ake kira Great Dane yana kai kilo 60 zuwa 80, Mastiff na Ingila yakan kai 90 har ya wuce, akwai ma wani mai suna Zorba da aka auna a 1989 ya kai kilo 155, sama da buhun siminti uku ke nan. Duk wanda ya tashi a gidan da ake huɗa da shanu ya san wannan lissafin, yaro ɗan shekara goma zai kora bijimai biyu gona da ɗan tsumagiya suna bin sa lafiya lau, amma ranar da ɗaya ya taka masa ƙafa, ko da ba da nufi ba, sai an nemi mai ɗori.

Daga ina suka fito, kuma me ya sa wasu suke da sanyi

In aka ce ƙattin karnuka ana haɗa dabbobin da asalin aikinsu ya sha bamban, kuma aikin da aka ƙirƙiri kare dominsa ya fi fuskarsa faɗin gaskiya.

Akwai waɗanda tun farko don taimakon mutum aka yi su. Saint Bernard ya samo suna daga wani masauki da malaman coci suke riƙe da shi a kan wata mashigar duwatsu tsakanin Siwizalan da Italiya, inda dusar ƙanƙara take binne matafiya. Karnukan ne suke bin sawu su gano wanda ya ɓata. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Barry, ya rayu daga 1800 zuwa 1814, ana cewa ya ceci mutum sama da 40, har yau gawarsa tana ajiye a gidan tarihi a birnin Bern. Ka ga karen da aikinsa neman baƙon da bai taɓa gani ba ya tone shi daga ƙanƙara, ba za a bar mai cizon baƙo ya yi zuriya a cikinsu ba. Newfoundland shi kuma karen masunta ne daga wani tsibiri a gabashin Kanada, yana da fata tsakanin yatsu kamar agwagwa, yana jan koma yana fito da wanda ruwa ya ci. Bernese na manoman Siwizalan ne, amalanken madara yake ja. Waɗannan su ne asalin masu sanyin halin da ake yabo, kuma yawancin bidiyoyin jarirai da su ake yi.

Sai waɗanda kakanninsu mayaƙa ne da mafarauta amma aka yi ta sanyaya zuriyar. Great Dane, duk da sunan yana nuna Denmak, karen Jamus ne, da can aladen daji ake farauta da shi. Da farautar ta ƙare kuma aka fara gasar nuna karnuka a Ingila daga 1859, aka kafa ƙungiyar rajistar karnuka a 1873, sai abin da masu kiwo suke nema ya canza, aka koma son kare mai kwarjini wanda zai tsaya cikin taro baƙo ya buɗe masa baki ya duba haƙora bai yi komai ba. Kare mai kilo 70 da yake kai wa mai shi hari ba mai ajiye shi balle ya haɗa shi da mace. A haka aka yi ta tacewa shekara sama da ɗari. Great Dane ɗin da ya fi kowanne tsawo a tarihi, Zeus na jihar Michigan a Amurka, santimita 111 da ɗoriya ne daga ƙasa zuwa kafaɗa, kuma karen cikin gida ne. Bullmastiff ma labarinsa yana da ban sha'awa, masu gadin gandun dajin attajiran Ingila ne suka fitar da shi a ƙarni na 19, abin da suke so ya bi mai farautar sata cikin dare ya kayar da shi ya danne har mai shi ya iso, ba ya yayyaga shi ba.

Kashi na uku su ne masu gadin garke da gona, kuma a nan ya kamata mu buɗe ido domin su aka fi kawo mana. Kangal na yankin Sivas a Turkiyya, Caucasian na duwatsun Jojiya da Armeniya wanda 'yan kasuwa suke kira Kokeshiyan, sai Boerboel na Afirka ta Kudu wanda sunansa ma daga kalmar manomi ya fito a harshen Turawan can. Su ma suna da sanyi, amma sanyin na 'yan gida ne. Ɗan akuya zai hau bayan Kangal yana tsalle ba zai kula ba. A Namibiya tun 1994 wata ƙungiya mai suna Cheetah Conservation Fund take raba wa makiyaya irin karnukan Turkiyyan nan, ana sa kwikwiyo cikin garke tun yana ƙarami ya tashi yana ganin awaki su ne danginsa, namun daji suka rage ɓarna, makiyayan ma suka rage harbinsu. Sai dai karen da aka gina shi a kan ya raba duniya gida biyu, nawa da ba nawa ba, to ɗan maƙwabci yana cikin ba nawa ba har sai an koya masa. Karen gonar Alhajin nan Boerboel ne, shi ya sa maganar mai gadi da ta dattijo duk suka zama gaskiya.

Abin da bincike ya nuna

A 2022 mujallar kimiyya ta Science ta fitar da wani babban bincike da aka yi a Amurka, an tattara bayanan karnuka sama da 18,000, aka duba ƙwayoyin halittar sama da 2,000. Sakamakon ya ba mutane da yawa mamaki, iri bai bayyana fiye da kashi 9 cikin 100 na bambancin halin karnuka ba, a batun saurin fusata kuwa kusan ma ba ya gaya maka komai. Wato ka san sunan irin kare bai sa ka san shi wannan karen ba, kama da wane ba ta wane. Sai dai a lura karnukan cikin gida ne na Amurka, kuma masu su ne suka cike amsoshin, kowa kuwa nasa yake gani da kyau.

Kafin nan a 2008 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania sun gano cewa cikin karnukan da suka fi kai wa mutane cizo ko yunƙurin cizo akwai ƙananan nan irin su Chihuahua da Dachshund, waɗanda wasunsu ba su fi kyanwa ba. Ba a jin labarinsu ne kawai saboda cizonsu ba ya kai mutum kabari.

Wanda ya fi shafarmu shi ne na 2013, inda aka bi diddigin mutum 256 da karnuka suka kashe a Amurka daga 2000 zuwa 2009. A kashi 87 cikin 100 babu wani babba mai ƙarfi a wurin da zai kawo ɗauki. A kashi 76 karnukan ajiye suke a gefe, ba sa mu'amala da mutanen gidan, wato ɗaure ko kulle. A mafi yawa kuma wanda aka kashe ba sanin karen ya yi ba. In ka ɗora wannan a kan yadda ake ajiye karen gadi a wurinmu za ka ga inda matsalar take, a ɗaure shi da sarƙa gindin bishiya yini guda cikin rana, wasu ma har ɗaki mai duhu suke kulle shi a hana shi ganin mutane wai don ya yi zafi, yara su wuce su jefe shi, dare ya yi a sake shi. Ko wane iri ne aka yi wa haka ba za a samu sanyin hali ba.

Dokar Ingila da gardamar da ke kanta

Tun 1991 Birtaniya take da dokar karnuka masu haɗari wadda ta hana iri huɗu, ciki har da Pit Bull. A watan Satumba 2023, bayan hare-haren da suka tayar da hankali, gwamnatin Firayim Minista na lokacin, Rishi Sunak, ta ce za ta ƙara XL Bully. Daga 31 ga Disamba 2023 aka hana sayar da shi da kiwonsa don haihuwa a Ingila da Wales, kuma ba a fita da shi sai da takunkumi da igiya. Daga 1 ga Fabrairu 2024 ajiye shi ma ya zama laifi sai ga wanda ya karɓi takardar izini. Dokar can ce ba ta Najeriya ba, kuma ba ta taɓa Great Dane ko Saint Bernard ko Mastiff ba duk da sun fi XL Bully girma nesa ba kusa ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna ba girman ake hukuntawa ba.

Masu goyon bayan dokar suna cewa gwamnati ba za ta iya shiga gida-gida ta duba tarbiyyar kowane kare ba, in an ga wani iri sunansa yana ta fitowa a mutuwar mutane, kuma ƙarfinsa ya kai in ya kama ba mai ɓamɓare shi, to a tsayar da shi tun kafin a sake binne wani. Masu adawa, ciki har da ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya da ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA, suna cewa shekara talatin ana hana iri amma cizo bai ƙare ba, mai son mugun kare in ka hana wannan zai koma wani, kuma ana gane XL Bully ne da awon tsawo da kamannin jiki, namiji daga santimita 51 a kafaɗa, don haka kare mai ladabi zai iya faɗawa ciki mugu ya tsira. Ƙasashe ma sun rabu. Holan ta soke haramcin Pit Bull a 2008, Italiya ta soke jerin karnuka masu haɗari a 2009 ta mayar da nauyin kan mai kare. Denmak kuwa a 2010 ta hana iri 13, kuma cikinsu akwai Boerboel da Kangal da Caucasian, wato su dai waɗanda ake tallata mana a nan.

In aka auna, ɓangaren farko sun fi ƙarfi a batun girman ɓarna, na biyu sun fi ƙarfi a batun musabbabi. Abin da duk suka yarda da shi shi ne mai kare shi ne da alhaki.

Ta fuskar addini

Wannan ba ya rabuwa da zancen kare a ƙasar Hausa. Hadisi ya inganta cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba ana rage masa lada kullum, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta da aka horar ta kamo. Don haka karen 'yan farauta da karen ruga da na gadin gona suna da gurbi. Gadin gida malamai sun yi saɓani, da yawa sun yi ƙiyasinsa a kan waɗancan in akwai tsoro na gaske. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sha a ciki bin umarni ne. Cinikin kare kuma an yi hani a kansa, sai malaman Malikiyya suka yi saɓani a kan wanda aka yi izinin ajiyewa. To abin lura a nan, ƙattin da suka fi sanyi irin su Saint Bernard da Newfoundland yau yawanci don zama cikin ɗaki da iyali ake kiwonsu, wanda shi ne ba ya cikin abin da hadisin ya keɓe. Mai niyyar saye ya fara zama da malaminsa kafin ya zauna da dillali.

Zafi, ci da cuta

Ko an ajiye batun cizo gefe, akwai tambayar ko dabbar za ta rayu a nan. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Saint Bernard da Newfoundland da Bernese da Caucasian gashi biyu gare su, na ciki mai laushi da na waje, an yi su don ƙanƙara. Ka kawo wannan Gumel ko Haɗeja ko Ɗambatta a watan Afrilu lokacin da zafi yake haura digiri 40, ba wuta ba fanka, ai azaba ce, kuma zafin yana iya kashe shi cikin yini guda. Masu guntun hanci irin Mastiff da Bullmastiff su ma numfashi yana yi musu wuya in rana ta take. Boerboel da Great Dane masu gajeren gashi sun fi jurewa, su ma sai da inuwa da ruwa a gabansu kullum.

Sai ci. Karen gida ƙanzo da ragowar tuwo da ɗan ƙashi sun riƙe shi, sauran ya nemo da kansa. Babban Mastiff kuwa yana iya cin kusan kilo guda na busasshen abincin karnuka a rana, kuma kwikwiyonsu da yake girma da sauri in bai samu abinci mai gina jiki daidai ba ƙafafu suke lanƙwashewa, ƙugu ya lalace. Da yawa an sayo su da ɗoki, bayan wata shida kuɗin abinci ya gagara aka koma dusa da ruwa, ga yunwa ga sarƙa ga ƙarfi, kuma wannan haɗin shi ne mafi muni.

Cututtukansu ma daban. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji, Great Dane a kan gaba, cikinsu yakan kumbura ya murɗe, in ba a yi tiyata cikin 'yan awoyi ba sai mutuwa, mutumin da yake ƙauye kuwa kafin ya samu mota ya kai inda ake irin wannan aikin, ko birnin Kano ko asibitin koyarwa na dabbobi a Zariya, lokaci ya ƙure. Ga kaska da zazzaɓin da take sawa wanda ya fi kayar da karnukan waje fiye da namu, ga cutar zawon jini ta kwikwiyo da ake kira fabo. Kuma ba sa daɗewa, Great Dane shekara 7 zuwa 10 ne, shi Zeus ɗin nan yana da shekara 5 ya mutu a 2014.

Akwai kuma cinikin biri a sama. Ana tura hoton uwa da uba a waya, a turo kwikwiyo a motar haya, ba wanda ya ga halin uwar, alhali ita ce madubi na farko. Wanda zai saya ya je da ƙafarsa, ya ga ko uwar tana barin baƙo ya matso, ya ga katin allura. Kuma ya tambayi kansa aikin da yake so. In ƙararrawa yake nema, wato a ji motsi a tashe shi, karnukan gida biyu da aka ciyar da kyau sun fi ƙato guda, sun san yanayin, sun fi sauƙin riƙo. Ko a Sahel ɗin nan muna da namu dogon kare, Azawakh na Buzaye a Nijar da Mali, siriri mai jure zafi mai gadin zango. In kuwa kwarjini yake so ɓarawo ya hango ya fasa, nan ƙaton yana da amfani, ko mai sanyin ne, don ɓarawo ba ya tsayawa tambayar hali. Amma ɓarayin shanu masu bindiga irin waɗanda aka sha fama da su a dajin Falgore, kare ko wane iri ne iyakarsa ya tashi mutane.

Abin da ya shafi talaka

Wanda bai da gona bai da kuɗin sayen kare shi ne ya fi haɗuwa da shi a hanya. Yara masu ɗebo ruwa, 'yan talla, almajirai masu shiga zaure su yi bara, Fulani masu wucewa da garke, mai zuwa gona da asuba lokacin da ba a riga an mayar da karen ba. Babban kare ko bai yi cizo ba in ya yi wa yaro tsalle da wasa zai kayar da shi, in ya bi tunkiya mai ciki zai iya sa ta ɓari, daga nan rigimar biya ta tashi tsakanin maƙwabta.

Yara suna buƙatar a koya musu abubuwa kaɗan. Kada a jefi kare, kada a ruga in ya taso domin gudu yana tayar masa da son kamu, a tsaya cak a sunkuyar da ido a ja baya a hankali. Kada a kusance shi yana cin abinci ko yana barci, ko macen da take shayarwa. Kaɗa wutsiya ba kullum murna ba ce, in jiki ya sandare ido ya kafe to gargaɗi ne. Gurnani ma gargaɗi ne, wanda yake dukan kare don ya yi gurnani yana koya masa ya yi cizo ba sanarwa. Bidiyon jariri a jikin kare kuwa, ko su likitocin dabbobi na can ba sa goyon bayan a bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai, komai sanyinsa.

Sai babban abin, wanda ya fi iri da girma nauyi a wurinmu, ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga kare ake ɗauka. Cutar ba ruwanta da sanyin hali, kare mafi ladabi in ta kama shi zai ciji mai shi, ɗan kwikwiyo ma yana ɗauke da ita. Ana yi wa kare allurar rigakafi daga wata 3 a riƙa sabuntawa, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin allurar a nan gida, kuma masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki cutar takan yanke. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar a fara allura, kada a tsaya jiran a ga ko karen zai haukace, domin in alamu suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi.

A zaman da aka yi gaban mai unguwa ba a ce a kori karen ba. An ce Alhaji ya zagaye gonar da waya mai tsawo ya sa ƙofa, karen ya riƙa yawo a ciki ba sarƙa, kada a sake shi waje ko dare ko rana, in za a fita da shi sai da igiya a hannun babba. Liman ya yi wa iyaye magana a kan jifa. Yaran sun koma bin hanyar tuƙa-tuƙa, wasu har suna tsayawa su leƙa shi ta waya yana kwance ƙarƙashin tankin ruwa yana haki, mai gadi yana zuba masa ruwa a jiki da buta in rana ta yi tsaka. Dattijon nan dai har yanzu jikokinsa ta bayan maƙabarta suke bi, ya ce sai ya ga shekara ta zagayo. Hoton katin allurar karen yana wayar mai unguwa, da ranar da za a sake yi a rubuce.